3.4 Sharhi a Kan Rahotannin Shekara-shekara na Gwamnatin Arewa Dangane da Kano

A wannan sashe za a dubi rahotannin da Gwamnan Arewa yake aikawa Ofishin Mulkin Mallaka a Landan kowace shekara, tun daga 1900 har zuwa gab da haɗewar Nijeriya a 1914. Dalilin duba su shi ne yadda masu nazarin tarihin Kano suke dogaro da su kamar su ne idon da ya gani. Alhali kuwa rahoto rubutu ne, kuma kowane rubutu yana da wanda aka yi dominsa.

Abin lura na farko shi ne hanyar da magana take bi kafin ta zama rahoto. Wasiƙun Sarkin Kano Abbas, wanda Lugga ya naɗa a 1903, da Larabci malaman fada suke rubuta su. Zance na baka kuwa da Hausa ake yi, 'yan tsakani irin su Adamu Jakada su ɗauka su kai Nasarawa wurin Razdan. Razdan ya mayar da shi Ingilishi ya aika Zungeru, Gwamna ya tace abin da ya ga dama ya tura Landan. Ke nan maganar da ta fito daga Gidan Rumfa sai ta ratsa harsuna uku da hannuwa da yawa, kuma a kowane zango akwai mai buƙatar da yake karewa. Saboda haka idan rahoto ya nuna Sarki ya yarda da wani sabon tsari, ba a san ko yarda ce ko kuwa irin “to” ɗin da Bahaushe yake faɗa wa wanda ya fi ƙarfinsa ba.

Inda wannan rauni ya fi fitowa shi ne batun haraji. A wancan lokaci kuɗin shigar Arewa ba sa isarta, sai baitulmalin Ingila ya cika mata kowace shekara. Wato mai karatun da aka nufa shi ne mai biyan kuɗi, don haka aka tsara rahoton yadda zai kwantar masa da hankali. Kafin zuwan Turawa Bakano yana biyan kuɗin ƙasa da zakka da kuɗin shuka da kuɗin rafi da jangali, marina irin na Ƙofar Mata kuma suna biyan kuɗin karofi. Kowanne da asalinsa da mai karɓarsa, zakka ma ibada ce. Dokar haraji ta 1906 ta nufi dunƙule su wuri ɗaya, rahoto kuma ya juya su zuwa fam da sule a cikin jadawali. A idon ma'aikacin Landan an sami tsari. Amma jadawali ba ya nuna manomin da aka hana shi biya da hatsi ko wuri, aka ce sai kuɗin Bature, ya tashi neman inda zai same su.

Haka kuma rabon rahoton zuwa kanun batutuwa, kamar kuɗin shiga da shari'a da bauta da ciniki, bai bar gurbin da rikicin fada zai fito da girmansa ba. Razdan Cargill ya tura hakimai su bar birni su zauna a gundumominsu, sannan ya ɗaga Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, bawan sarki, ya zama Waziri, har Temple ya zo ya warware wannan a 1909. A wurin Bature canjin ma'aikaci ne kawai. A cikin ganuwa kuwa an ɗora bawa ne a kan ubangijinsa.

Duk da haka ba za a yar da rahotannin ba. Wajen shekaru da sunayen ma'aikata da abubuwa irin su isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, sun fi riwayar baka tabbas. Daɗin daɗawa, takardun da aka gabatar wa Majalisar Ingila a 1903 kan yaƙin Kano sun nuna cewa Landan kanta ba ta ji daɗin yadda Lugga ya tura Kanar Morland ba tare da cikakkiyar shawara da ita ba. Wanda ya iya ɓoye wa iyayen gidansa shirin yaƙi, ɓoye musu ƙorafin marina ba zai yi masa wuya ba.