Deep Purple: Suna Ɗaya, Makaɗa 15

Tun da aka kafa ƙungiyar kiɗan rock ta Deep Purple a Ingila a 1968, mutum 15 ne suka hau dandamali a sahunta, idan an haɗa da Joe Satriani da ya yi riƙon ƙwarya. A cikin biyar ɗin farko, mai ganga Ian Paice kaɗai ya rage. Masoyanta har lamba suke sa wa kowane zubi, su ce Mark I, Mark II, a yi ta tafiya, kuma ba su gaji da gardamar wanne ne na gaske ba. Masu tsauri suna cewa ƙungiyar ta mutu a Helsinki a watan Nuwamba na 1993, daren da mai jita Ritchie Blackmore ya yi kiɗansa na ƙarshe da ita. A ganina wannan ma'auni ya karkace. Abin da ke riƙe ƙungiya irin wannan shi ne aikin da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu ba tare da igiyar ta tsinke ba, kuma tarihin Deep Purple kansa ya fi kowa ba da wannan shaida.

A fara da zubin da masu tsaurin suke ɗauka a matsayin asali. Ian Gillan mai waƙa da Roger Glover mai jitar bes ba su cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. A 1969 aka kawo su bayan an sallami Rod Evans da Nick Simper. Da su aka yi faifan In Rock a 1970 da Machine Head a 1972, mai ɗauke da "Smoke on the Water". Wato abin da ake kira Deep Purple ta gaskiya ita ma sauyi ce ta haife ta. Shi kuwa Evans, wanda da muryarsa aka fara, ya tara wasu makaɗa a 1980, lokacin ƙungiyar na wargaje, ya zagaya Meziko da Amurka da sunanta. Masu kula da harkokin tsohuwar ƙungiyar suka buga sanarwa a jarida a Los Angeles, suka jera sunayen makaɗan da ba za a gani a wurin wasan ba, suka kuma kai ƙara. Kotu ta ci shi tarar dala 672,000, ya kuma rasa kuɗin da yake samu daga faya-fayan farko. Da kafa ƙungiya ne ke ba mutum gadon sunanta, da Evans ya fi Gillan hujja. Amma ba a ji masu tsauri suna kare shi.

Za a iya cewa kotu mallakar tambari ta duba, ba kiɗa ba, kuma duk wannan magana ta gado rufa-rufa ce ga kasuwanci: suna yana sayar da tikiti, shi ya sa ake riƙe da shi. Akwai gaskiya a nan, ba kaɗan ba. Haɗuwar da aka sake yi a 1984, wadda ta haifar da Perfect Strangers, ba ta rasa nasaba da kuɗi, kuma dawowar Gillan a 1992, bayan an kore shi a 1989 an gwada Joe Lynn Turner, matsin lamba ce daga waɗanda ke son a cika shekara 25 da fuskokin da aka sani. Sai dai a duba abin da wannan lissafi ya haifar. Zubin ya cika, sunaye biyar ɗin da ake so suna nan, amma Gillan da Blackmore ba sa ga maciji. A wasan Birmingham na 1993, wanda aka ɗauka a bidiyo, sauran huɗun suka fara waƙar buɗewa babu mai jita. Da ya fito daga baya, sai ya nufi gefen dandamali ya jefi mai ɗaukar hoto da kofin ruwa, ya koma yana kaɗawa fuska a murtuke. A daren nan an sami sunayen da masu tsauri ke nema, ƙungiya ce aka rasa.

Steve Morse, Ba'amurken da ya karɓi jita a 1994, ya zauna shekara 28, alhali zaman Blackmore biyu idan aka haɗa bai wuce 16 ba. Tsawon zama kaɗai ba hujja ba ce, amma abin da aka yi a cikinsa hujja ce. Morse bai kwaikwayi Blackmore ba. Ya shigo da yatsu masu sauri da salon kudancin ƙasar Amurka, kuma faifan Purpendicular na 1996 ya nuna sauran sun karkata sun tarbe shi. Da Jon Lord ya yi murabus a 2002, Don Airey ya gaji kujerarsa a kan ogan ɗin Hammond, bayan ya riga ya riƙe masa wuri a 2001 lokacin da gwiwa ta dami Lord. Abin lura shi ne kowane sabo ya tarar da mutum huɗu da suka daɗe tare, ya koya a cikinsu, kamar yadda ɗan amshi ke shekaru a bayan ubangidansa kafin a bar masa jagora. Jayayyar jita da ogan, inda ɗaya ke jefa jimla ɗaya ya mayar masa, ita ce alamar gidan, kuma ta tsallake duk waɗannan sauye-sauye. Haka aka yi a 2022 da Morse ya ajiye aiki don jinyar matarsa, Simon McBride na Belfast, wanda aka haifa shekara 11 bayan kafa ƙungiyar, ya shigo.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu cewa jama'a tsofaffin waƙoƙi suke zuwa ji, don haka ƙungiyar ta zama gidan tarihi mai yawo. Ba a musu cewa ihu ya fi tashi idan aka taɓa waƙoƙin 1972, ko cewa shekaru sun ci muryar Gillan, wanda aka haifa a 1945, har ya daina rera "Child in Time" saboda tsananin ƙarajin da take buƙata. Amma gidan tarihi ba ya ƙera sabon kaya. Daga 2013, tare da mai shirya faifai Bob Ezrin, sun fitar da Now What?!, Infinite, Whoosh! da =1 na 2024, galibinsu sababbin waƙoƙi, kuma Whoosh! ya kai matsayi na 4 a Birtaniya a 2020. Wannan ne ya raba su da ƙungiyar Lynyrd Skynyrd, wadda tun rasuwar Gary Rossington a 2023 take yawo babu ko mutum ɗaya daga zubin farko, kuma tsohon kaya ne jarinta. Ma'aunin da nake karewa yana da iyaka ke nan, ba kowace ƙungiya mai tsohon suna zai wanke ba.

Cibiyar karrama makaɗan rock ta Amurka, Rock and Roll Hall of Fame, ta bi ra'ayin masu tsauri a 2016. Ta karrama mutum takwas daga zubin shekarun farko, har da Evans da Blackmore, waɗanda ba su halarta ba. Ta bar Morse, da ya riga ya yi shekara 22 a ƙungiyar, da Airey mai 14. Su biyun ne kuwa suka kaɗa jita da ogan a wurin bikin.