Karatun Ƙasa a Bakin Rijiya

A ƙasar Tasawa da Mayahi babu dutsen da ya tsage ya nuna cikinsa. Jigawa ce shimfiɗe, gonakin gero, gawo da goriba, sai kwarin Gulbin Kaba da ya ratsa ta, gulbin da a yawancin tsawonsa ya daina gudu. Ɗalibin da ya kamu da son darasin tarihin doron ƙasa a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wanda malaminsa ya shaida masa cewa duniya ta kai shekara biliyan 4.5, in ya komo gida hutu, ina zai ga alamar wannan da idonsa? Sai a wurin da ake gina sabuwar rijiya. Nan ne kaɗai ƙasa ke buɗuwa mita 30 ko fiye, kowane guga da aka jawo kuma yana ɗauke da labarin wani zamani.

Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: ƙaramar guduma mai baki biyu, gilashin hannu mai ƙara girman abu sau 10, awon tsawo, kwalbar ruwan asid da aka sassauta, ledoji, da littafi da fensir, don tawada ba ta jure gumi da laima. Kafin ya taɓa ko ɗaya, sai ya durƙusa ya gaida magini, ya ce, "Baba, sannu da aiki, gaba nawa aka kai?" Magini da gaba yake awo, ɗalibi da mita, kuma dole ya daidaita su biyun. Dattijon ya daɗe da sanin inda jan rairayi ke ƙarewa da inda yumɓu ke farawa. Abin da ɗalibi ya zo da shi shi ne shekarun kowannensu.

Ƙa'idar farko mai sauƙi ce, tun 1669 wani masani ɗan Danmak, Nicolas Steno, ya rubuta ta: shimfiɗar da ke ƙasa ta girmi wadda ke samanta. Amma tulin da ake zubarwa a gefen rijiya a kife yake, abin da ya fito ƙarshe shi ke kai. Shi ya sa mai son aikin ba ya jira sai la'asar ya zo ya tona tuli. Yana tsaye a rana, duk sa'ad da launi ko laushin ƙasar ya sauya sai ya ɗebi cikin hannu, ya ƙulla a leda, ya rubuta zurfin a jikinta nan take. Masu zaman inuwa suna ganin ƙasa ce kawai ake ta fitarwa tun safe.

Daga nan sai yatsu. Yana jiƙa ƙasar kaɗan ya murza. In ta yi ƙaiƙayi ta watse, yashi ne, ƙwayoyinsa ba sa wuce milimita 2. Abin da ya fi haka ya zama tsakuwa. In ta murɗu ta yi zare ba ta karye ba, yumɓu ne. Akwai ta tsakani, mai laushi a hannu, wadda sai an ɗan taɓa ta da haƙori ake jin gurzarta. Girman ƙwaya yana faɗin ƙarfin abin da ya kawo ta: tsakuwa sai ruwa mai ƙarfin gudu, yumɓu kuwa ba ya kwanciya sai a ruwan da ya tsaya cik.

Wurin da na fi jin daɗin kallo shi ne lokacin da gilashi ya fito. Ɗalibi ya wanke yashin, ya baza kaɗan a tafin hannu, ya kai gilashin dab da ido, sannan ya matso da hannun a hankali har ƙwayoyin su fito sarai. Wadda take kewayayya, fuskarta dishi-dishi ba ƙyalli, iska ce ta daɗe tana gwara ta da 'yan'uwanta. Wadda gefenta ya goge amma tana sheƙi, ruwa ne ya mirgino ta. Mai kaifin gefe ba ta yi tafiya mai nisa ba daga dutsen da ta fito. Jan launi kuma tsatsar ƙarfe ce da ta lulluɓe ƙwayar. Da wannan kaɗai zai gane cewa jigawar da ubansa ke nomawa tudun rairayin hamada ce da iska ta tara wajen shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da Sahara ta gangaro kudu fiye da yau, kuma tsakuwar gindin Gulbin Kaba ta zamanin da ruwa ya wadata ce, sa'ad da gulbin ke cika yana tafiya.

In gini ya yi nisa, diga kan fara ƙara a kan dutsen yashi mai tauri, gauraye da yumɓu fari ko ja. A nan guduma ke aiki, don ba a yarda da fuskar dutse ta waje, sai an fasa an ga sabon ciki. Ɗigo ɗaya na asid ya isa. In ya tafasa ya yi kumfa, akwai farar ƙasa irin ta Malbaza da ake yin siminti da ita, wadda ta kwanta a gindin teku wajen shekara miliyan 60 baya. In ya yi shiru, kamar yadda yakan yi a nan, to ajiyar koguna ce a kan tudu. Masana suna kiran wannan shimfiɗa Continental Hamadien, ta haura shekara miliyan 66, wato tun manyan dabbobin nan dinoso suna raye. Ƙasusuwan wani daga cikinsu da ya fi ta tsufa, wanda aka tono a Gadufawa ta jihar Agadas, suna tsaye a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Ruwan da mata za su ja daga wannan rijiya a tsakanin ƙwayoyin wannan dutse yake maƙale.

Da dare sai zane. Yana ja dogon ginshiƙi a takarda, ya raba shi bisa awo: ɗige-ɗige alamar yashi, gajerun layuka alamar yumɓu, 'yan da'irori alamar tsakuwa. Ya ɗauko ginshiƙin wata rijiya da ya bi a Tasawa ya jera da na Mayahi, ya haɗa shimfiɗun da suka yi kama, ya ga inda ɗaya ta yi kauri da inda ta sirance. Wanda ya haddace darasi don jarrabawa kawai zai iya kawo sunayen zamunna a jere, amma wannan jeri na ginshiƙai shi ke nuna wa mai ginin rijiya ta gaba zurfin da zai sa ran ruwa. Tsakanin tsohon dutsen da rairayin da ke kansa, ɗalibi ba ya jan miƙaƙƙen layi, sai mai lanƙwasa, domin a wurare da yawa shekaru miliyoyi sun ɓace a daidai nan: ko ba a ajiye komai ba, ko an ajiye ruwa da iska sun kwashe. A gefen layin yakan rubuta zurfin da ranar da aka kai gare shi.