Deneulin, mai ƙaramar rijiya a cikin Germinal

Masu karatun lise sun saba ɗaukar Germinal, littafin da Emile Zola ya fitar a 1885, a matsayin labarin gaba tsakanin ma'aikaci da mai gida. Haka ne, amma wannan karatu yakan tsallake mutum guda wanda ba ya cikin mayunwata, ba ya kuma cikin waɗanda suka ci riba: Deneulin, mai ƙaramin kamfanin kwal na Vandame.

Zola bai rubuta littafin daga ɗaki ba. A 1884 ya je Anzin, a arewacin Faransa, ana tsakiyar yajin aiki, ya sauka cikin rijiyar kwal, ya shiga gidajen mahaƙa. Kamfanin Anzin, wanda aka kafa tun 1757, shi ne ya ba shi siffar kamfanin Montsou na labarin: masu shi suna zaune a Paris, babu mahaƙin da ya taɓa ganin fuskarsu.

Deneulin ba haka yake ba. Yana da kaso a Montsou, ya sayar da shi ya zuba kuɗin duka cikin gyaran rijiyar Jean-Bart. Shi ne mai gida, shi ne mai duba aiki, yana sauka ƙasa tare da mutanensa, ƴaƴansa mata biyu suna tattalin abin da za a ci. Ɗan'uwansa Grégoire kuwa ya riƙe nasa kaso, yana cin riba yana barci. Da yajin aiki ya ɓarke kan ragin kuɗin keken kwal, rikicin na Montsou ne, amma Deneulin ne ya fara faɗuwa. Masu yajin suka zo Jean-Bart suka yanke igiyoyin ƙarfe, har waɗanda ke ƙasa suka fito ta tsani, suka kuma lalata injin janyo ruwa na ɗaya rijiyar, Gaston-Marie. Daga baya ya sayar wa Montsou da kome a kan farashin wulaƙanci, aka ɗauke shi injiniya a wurin da a da nasa ne. Babban kamfani ya daɗe yana kwaɗayin Vandame. Fushin talakawa ne ya miƙa masa ita.

A nan basirar Zola take. Bai wanke Deneulin ba, domin shi ma yana cewa ba zai iya ƙara ko anini ba, kuma gaskiya yake faɗi. Mai karatu ya rasa wanda zai tsana a fili, saboda wanda ya cancanci tsana ba ya bayyana.

Unguwar mahaƙa, mai suna Ɗari Biyu da Arba'in, ita ce ɗaya rabin hujjar. Kamfani ne mai gidajen, yana karɓar tamma shida a wata, yana raba tarkacen kwal na girki, kuma da goyon bayansa Maigrat mai kanti yake ba da bashi yana cin mutuncin mata. Matar darakta takan kawo baƙi su ga tsabtar wurin, kamar masu yawon kallo. Iyalin Maheu sun haura shekara 100 suna haƙa wa kamfani ɗaya, ba su mallaki ko bangon da suke jingina da shi ba. Wanda ya san unguwannin ma'aikata na Arlit ko na Cirozerin ba ya bukatar dogon bayani kan yadda gida da aiki suke ɗaure da igiya guda, ko da yake zamani da sharuɗɗa sun bambanta.

Inda littafin ya yi rauni shi ne wajen taron jama'a. Zola yana tausayin mahaƙi in yana shi kaɗai, amma da zarar sun taru sai alƙalaminsa ya mai da su garke, musamman mata. Tsoron ɗan birni ne ke leƙowa ta nan. Haka kuma begen da ya rufe labarin da shi, na irin da zai tsiro daga ƙasa, ya fi ƙarfin abin da shafukan baya suka nuna: an koma aiki ba tare da samun kome ba, Maheu ya mutu da harsashin soja, matarsa ta koma rijiya.

Gwamnatin Faransa ta karɓe kamfanonin kwal a 1946, rijiyar ƙarshe ta wannan yanki ta rufe a Oignies a 1990, kuma a 2012 UNESCO ta sanya tsibin ƙasar haƙa da unguwannin mahaƙan cikin kayan tarihi na duniya.