Faɗakarwa ga masu karatun Ta'alimur Radi a kan haramin gari

Godiya ta tabbata ga Allah mamallakin ƙasa da abin da ke kanta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku almajirai, ku sani Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, ya wallafa littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan sababan da ke keɓe wa mutum matacciyar ƙasa. Littafi ne ƙarami mai albarka. Amma na ga waɗansu malamai a ƙasar Dutse suna jingina fatawa gare shi, suna cewa duk wanda ya sare daji ya mallake shi. Wannan rabin karatu ne.

Ku sani sababan keɓewa a mazhabar Maliku huɗu ne, kamar yadda Halilu ya jera su cikin Muhtasar: raya ƙasa, da harami, da yankan da shugaba ya yi wa mutum, da hima, wato makiyayar da shugaba ya tsare don maslahar jama'a. Waɗannan malamai sun riƙe na fari, sun saki saura.

Haramin gari shi ne inda mutanensa ke yin itace da kiwo, gwargwadon abin da za a je da safe a komo da maraice. Wannan ba matacciyar ƙasa ba ce, haƙƙin jama'a ne, babu mai mallakarsa da gatari. Kuma abin da ya kusanci gari ba a raya shi sai da izinin shugaba. Kuma shinge kaɗai ba rayawa ba ne, sai an haƙa rijiya, ko an yi gini, ko an dasa itace, ko an nome. Annabi ya tsare Naƙi'u, Sayyidina Umaru ya tsare Rabaza, domin dabbobi su sami ci.

In kun ce don me littafin bai tsawaita a nan ba, sai in ce marubucinsa ya yi shi a zamanin da daji ya fi mutane yawa. Yau kuwa, tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, ku dubi tsakanin Shuwarin da Kiyawa: gona na bin gona. Wanda ya karanta littafin bai dubi zamaninsa ba zai halatta cin burtali, sa'an nan shanu su shiga gero, a zub da jini, alhaki na wuyan mai fatawa.

In kun ce dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filin noma da na kiwo a karkara, sai in ce wannan amana ce. Yankan shugaba ba ya inganta sai da maslaha, takarda kuwa ba ta halatta abin da Shari'a ta hana.

Saboda haka in an tambaye ku hukuncin fili, kada ku amsa daga kan buzu. Ku tafi ku gan shi, ku tambayi dattawan manoma da na Fulani ina ne mashaya, ina ne burtali, sa'an nan ku buɗe littafi.

Allah shi ne mafi sani. Tammat bi hamdillahi.