Jinjina ga masu walda, masu tsare mana keke

A Katuru keke ne ke kai manomi gona, shi ke ɗaukar buhun gero zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. In ya kwana a tsakar gida, ruwan damina ya sa wa sarƙarsa tsatsa. In a zaure ne, kowa ya wuce ya gan shi.

Shi ya sa nake jinjina wa masu walda na Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda, waɗanda ke haɗa wa ɗan ɗakin ajiye keke ƙofar ƙarfe. Gwaninsu ba ya gaggawa. Zai ce a ɗaga daɓe saboda ruwa, a bar katako tunda gara na nan. Sakata sai mai kauri, sannan ya ƙera wa kwaɗo ɗan akwati yadda zarto ba zai kai gare shi ba. Wannan dabarar ta fi burge ni, domin kwaɗo mai tsada a fili aikin banza ne. Wani har zoben rodi yake binnewa da siminti, a ɗaure keken da sarƙa.

Duk wannan a rana suke yi, da janareto da tsadar mai, idanu suna shan walƙiya. Allah Ya tsare musu ganinsu.