Kunnen Gwani a Kan Tsohon Injin MGB

Tsakanin 1962 da 1980, masana'antar MG da ke garin Abingdon a Ingila ta ƙera MGB sama da rabin miliyan. Ƙaramar mota ce ta gudu da ƙwalisa, injinta silinda huɗu, da kafireta biyu ƙirar SU da distiributa ta kamfanin Lucas, babu ko ɗigon kwamfuta a jikinta. Dubbai suna kan titi har yau, kuma masu su suna yawan kai wa makanikai kuka iri ɗaya: in an hau tudu a babbar giya aka taka totur, sai injin ya riƙa ƙas-ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Da an ɗaga ƙafa, sai shiru. Duk direban da ya taɓa jan tsohuwar Peugeot 504 da fetur mai gauraye da kananzir ya san wannan ƙara.

A injin mai lafiya, fulogi yana ba da wuta gab da fistin ya kai ƙololuwa, wutar ta bi haɗin mai da iska daki-daki, matsin ya tura fistin ƙasa a tsanake. Amma haɗin da ke can lungu, nesa da fulogi, yana shan matsi da zafi kafin wuta ta iso shi. Idan ya kasa jira, sai ya fashe da kansa lokaci guda, bugun ya daki bangon silinda da kan fistin. Abin da kunne ke ji ke nan. In aka bar shi, ringi ya karye, gaskit ya ƙone, gefen fistin ya zaizaye, ƙarshenta inji ya buga.

Tun 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors a Amurka ya gano cewa ɗan sinadarin dalma a cikin fetur yana hana wannan fashewa. A kan irin wannan mai aka tsara injin MGB, wanda ke matse haɗinsa ninki 8.8. Daga farkon 2000 Birtaniya ta daina sayar da fetur mai dalma a gidajen mai saboda gubarsa. Man yau da kullum a can oktan ɗinsa, wato ma'aunin juriyarsa ga wannan fashewa, 95 ne, mai tsadar kuwa 97 zuwa 99. Don haka abin da littafin masana'anta ya ce a da, ba lalle ya dace da man yau ba, kuma a nan ne ake rarrabe ɗan koyo da gwani.

Gwani ba ya fara da sufana. Shiga motar yake yi a ja shi zuwa tudu. Ƙarar bawul tana bin gudun inji ko da lodi ko babu. Salansa mai sako-sako tana kaɗawa ko a tsaye. Ƙarar metal ɗin karanshaf mai nauyi ce, daga ƙasa take fitowa. Wadda yake nema siririya ce, lodi ke kawo ta, sauke giya ke korar ta. Yana saurare yana tambaya: yaushe ta fara? An canza gidan mai? Wani ya buɗe kan injin kwanan nan? Da sanyi take yi, ko sai mota ta ɗau zafi? Sau da yawa amsoshin nan sun yanke rabin aikin.

Daga nan sai tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta. Kafin ya haska fitilar gwaji a kan fulin karanshaf, sai ya tabbatar alamar da ke jikinsa gaskiya take faɗa. Fulin yana da zoben roba a tsakiya, kuma in robar ta tsufa, ƙarfen waje yakan zame ya tafi da alamar. Sai ya cire fulogin silinda ta ɗaya, ya nemo ƙololuwar fistin da kansa, ya gwada da alamar.

Ba ya kuma tsayawa ga abin da ya gani inji na silo. A cikin distiributa akwai ƙananan ƙarafa biyu masu nauyi da sifirin biyu. Inji na ƙara gudu, ƙarafan na buɗewa, wuta na ƙara zuwa da wuri, sifirin kuma na riƙe su kada su yi garaje. Bayan shekaru hamsin sifirin ya saki, sai gaggawar da ya kamata ta zo a babban gudu ta zo tun a matsakaici, daidai inda direba ke taka totur a tudu. Ga tayimin daidai a silo, ga ƙara a hanya. Ɗan koyo sai ya murɗa distiributar baya gaba ɗaya. Ƙara ta mutu, mai mota ya biya yana murna, amma mota ta yi nauyi, ta ƙara shan mai, zafi ya koma kan bawul ɗin hayaƙi. Gwani kuwa yana ɗaga gudun inji mataki-mataki yana rubuta digirin da ya gani, ya tabbatar jimillar ba ta zarce kusan digiri 32 ba, sannan ya wanke ƙarafan, ya sa sifirin da ya dace. Sanin wurin bugu, shi ne ƙira.

Idan wuta ta fita daga zargi, sai a duba mai. Haɗin da iska ta yi wa yawa yana ƙara zafi, kuma iskar sata takan shiga ta gaskit ɗin manifol ko ta sandar totur da ta cinye. Kafiretar SU tana da 'yar ƙusa a ƙasa da ake turawa ta ɗaga fistin ɗinta kaɗan. In gudun inji ya ɗan tashi ya dawo, haɗi daidai yake. In ya tashi ya tsaya a sama, mai ya yi yawa. In ya faɗi kamar zai mutu, mai ya yi kaɗan. Fulogi ma shaida ne: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, fari fat ƙarancin mai, ɗige-ɗige masu ƙyalli kuwa ɓarɓashin fistin ne, alamar ɓarna ta riga ta fara. Wani lokaci gwani yakan sauya fulogin NGK BP6ES da BP7ES, wanda bakinsa ya fi saurin huce zafi. Lagireto da ya toshe da tsatsa shi ma yana cikin lissafi, domin yana ƙara wa inji zafi.

Sai duk waɗannan sun wanke kansu yake buɗe kan inji, domin shi ne aiki mai tsada. Kunkunniyar da ta daskare tana rage fili, matsi ya ƙaru, ita kanta kuma ta yi ja ta kunna mai kafin lokaci. Ɗakin ƙonewa na wannan inji, ƙirar Harry Weslake, yana da ɗan tsini tsakanin bawul biyu da ke yin hakan, abin da ya sa wasu MGB ke ci gaba da kakari bayan an kashe makulli. Ga kuma kan injin da aka kai wa injin gyara aka kankare sau biyu ko uku a hannun masu shi na baya. Gwani yana auna filin da ruwan gwaji, ya kankare kunkunniya, ya goge kaifin tsinin, in ta kama ya sa fistin mai zurfin kai don matsi ya sauko.

Ƙa'idarsa a duk aikin ita ce canji ɗaya a lokaci ɗaya, sannan a koma tudun nan, a giya guda, da mai iri guda. Tayimin ma digiri biyu-biyu yake taɓawa, har ya tsaya a inda inji ke da cikakken ƙarfinsa amma bai kai bakin ƙara ba. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin wannan bugu ta gaya wa kwamfuta ta ja wuta baya nan take. MGB ba ta da mai tsaronta a hanya, don haka dole saitin da bakanike ya bar mata ya ishe ta a rana mai zafi, da kaya a but, da man da ya ɗan gaza. Shi ya sa gwani ke barin ɗan rara, ya rubuta wa mai mota digirin da lambar fulogi da irin man da aka yi saitin a kansa, ya kuma gaya masa cewa in tudu ya yi tsayi ya sauke giya tun kafin inji ya fara nishi.