Waƙa Ta Wane Ne? Sharhi A Kan "Body and Soul"

Manazarta kiɗan jaz ba su da saɓani a kan cewa "Body and Soul", wato "Jiki da Rai", tana cikin waƙoƙin da makaɗa suka fi maimaitawa. Abin da ya cancanci nazari shi ne wanda ya kamata a jingina wa ɗaukakarta.

A shekarar 1930 aka tsara waƙar. Johnny Green, Ba'amurke, shi ya ƙaga karinta, sa'an nan Edward Heyman da Robert Sour da Frank Eyton suka rubuta baitocinta. Domin Gertrude Lawrence, 'yar wasan Ingila, aka yi ta, kuma a waccan shekara Libby Holman ta rera ta a dandalin wasan kwaikwayo a birnin Niyok. Ashe ke nan ba a fagen jaz aka haife ta ba. Waƙar soyayya ce ta gidajen wasa, jigonta kukan masoyin da aka juya wa baya.

Ranar 11 ga Oktoba, 1939, Coleman Hawkins, wanda bai daɗe da komowa daga Turai ba, ya busa ta da saksofon a faifai. Cikin kimanin minti uku ya bi tsarinta sau biyu. A farko kaɗai ya ɗan taɓa karin Green, daga nan ya sake shi, ya riƙa saƙa nasa a bisa jerin sautukan da ke tallafe da waƙar. Babu mawaƙi, babu baiti ko ɗaya, amma faifan ya sami karɓuwa ƙwarai, ya zama darasi ga mabusan da suka biyo baya.

Wannan na iya sa mai sauraro ya ɗauka cewa Hawkins ne uban waƙar, marubutan kuwa suna kawai suka ci. Hukuncin yana da rauni. Green ya gina waƙar a kan sassa huɗu: na ɗaya da na biyu da na huɗu iri guda ne, na uku kuwa yana ɗaga sauti da rabin mataki, ya yi kewaye kafin ya komo gida. Wannan kewayen ne ya ba mabusa filin nuna gwaninta, har John Coltrane ya sake sarrafa shi a 1960. Da zubin ba shi da ƙwari, da Hawkins bai sami wurin kafa ƙafa ba.

Duk da haka, dokar haƙƙin mallaka sunayen nan huɗu kaɗai ta sani a matsayin masu waƙar. Ƙirƙirar da Hawkins ya yi nan take ba ta shigar da shi sahunsu ba. A nan ne aikin mai tarke yake: ya tabbatar wa Green zubi, ya tabbatar wa Hawkins aiwatarwa, ya kuma nuna cewa a kiɗan jaz takarda ba ta ƙare aikin waƙa sai an busa.